Tsagar da kyamara ba ta gani: yadda wani asibiti a Jos ya gyara kayan tiyatar huda ciki

Asibitin da kayan da ya saya, 2022

Asibiti ne mai zaman kansa a cikin garin Jos, mai ɗakin tiyata ɗaya, da likitan fiɗa ɗaya na dindindin, da likitar mata da ke zuwa a ranakun da aka tsara mata. Yawancin marasa lafiyarsa mutanen unguwannin cikin gari ne, sai waɗanda ake kawowa daga ƙauyukan kan hanyar Bauchi.

A tsakiyar 2022 mai asibitin ya sayo kayan laparoskofi, wato tiyatar da ake yi ba tare da an tsaga ciki ba. Ana huda fatar ciki wuri uku ko huɗu, kowace huda milimita 5 zuwa 10. A hura iskar kabon dayoksaid ta ɗaga bangon ciki daga kan hanji, a zura sandar kyamara ta cibiya, sauran hudojin kuma a zura dogayen kayan aiki masu kaurin milimita 5 da tsawon fiye da santimita 30: hantsaki, almakashi, da ƙugiyar wuta da ake yanka nama da ita ana tsayar da jini. Likita yana kallon allo, hannunsa a waje. Wanda aka yi wa aikin yakan koma gida washegari ko bayan kwana biyu, da ɗan ɗinki a kowace huda. Ga mace mai ƙananan yara, ko ɗan kasuwar da rumfarsa ke rufe muddin yana kwance, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A Jamus wannan hanya ta kafu. Kurt Semm ya cire afendis da ita a garin Kiel a 1980, Erich Mühe kuma ya cire matsarmama a 1985. Kayan da suka biyo baya an ƙera su ne don asibitocin da ke da sashe guda na wanke kayan tiyata, da tataccen ruwa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kamfanin da ke karɓar kaya ya gyara ya dawo da su.

Na asibitin nan kwancen Turai ne. Allo, kyamara, fitila da injin hura iska duk lafiya suke. Kayan hannun kuwa ƙirar dunƙule ce, ba a kwance su, wasu ma ba su da ƙofar da ake tura ruwa ta wanke cikinsu. Likitan fiɗa ya je kwas ya dawo. Babbar nas ɗin tiyata da yaran da ke wanke kaya ba su je ko'ina ba, suka ci gaba da yadda aka koya musu tun a makaranta: a tsoma kaya a ruwan bilic na minti goma, a wanke da omo da ruwan burtsatse, sannan a jiƙa waɗanda ba sa shiga tukunyar turara kaya, mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a cikin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta na gulutaraldehaid.

Hunturun farko

Matsalar da kowa ya fara gani ita ce hazo. Sanyin Jos a Disamba da Janairu sananne ne, sandar kyamara na kwana a ɗaki mai sanyi, da an zura ta cikin jiki mai ɗumin digiri 37 da laima sai gilashinta ya yi raɓa, allo ya yi fari. An magance wannan da filas: a zuba ruwan ɗumi mai tsabta, a tsoma bakin sandar kafin a shiga. Ba a kashe ko sisi ba.

A cikin watannin nan akwai wasu alamu da aka gani ba a haɗa su wuri ɗaya ba. Bakin hantsaki ya fara tauri wajen buɗewa. Ɗigon tsatsa ya fito a mahaɗar almakashi, almakashin kuma yana tauna nama maimakon ya yanka. Sai kuma ƙugiyar wuta: likita ya riƙa cewa a ƙara wa na'urar dayatami, wadda ke ba ƙugiyar wuta, ƙarfi, don ba ta ci kamar da. Aka riƙa ƙarawa.

Maris 2023: matar da ta dawo a rana ta biyar

Mace ce mai shekara talatin da ɗoriya, an gano ƙulli mai ruwa a ma'ajiyar ƙwanta ta dama. Aikin ya tafi lami lafiya, babu jini, babu wani abin tashin hankali a allo. Washegari aka sallame ta tana tafiya da ƙafarta.

A rana ta biyar aka dawo da ita da dare, jiki zafi rau, tana amai, ciki ya kumbura ba ya taɓuwa. Tunanin farko ya tafi ga taifot, domin hudawar hanji da taifot ke yi abu ne da likitocin ƙasar nan suka saba gani. Da aka buɗe cikin, an tarar da rami a ƙaramin hanji, gefensa fari fat kamar wanda ya dahu, kuma nesa da wurin da aka yi aiki kwana biyar da suka wuce. Taifot ba ta barin irin wannan tabo. Ƙuna ce ta wutar lantarki. Ita irin wannan ƙuna ba ta huda hanji nan take; naman wurin ne ke mutuwa a hankali, bayan kwanaki ya zube, abin da ke cikin hanji ya malala. Shi ya sa aka sallame ta lafiya.

An yanke wurin da ya lalace aka haɗe hanjin. Ta rayu. Ta yi makonni a kwance, ta fita da dogon tabon da aka ce mata ba za ta samu ba.

Mai asibitin ya kira mijinta ofis ya gaya masa gaskiyar abin da aka gani, ya ce asibiti ya ɗauki kuɗin aiki na biyu da na magani. Mijin ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce, “Likita, mun karɓi ƙaddara. Amma don Allah a binciki abin nan, kada ya sami matar wani.” A ranar aka dakatar da laparoskofi.

Abin da aka tarar a kan tire

An kira wani injiniyan kayan asibiti ya duba. Ya baje kayan a kan farin ƙyalle a gaban taga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma. Kowane ƙarfe da ke ɗaukar wuta yana sanye da baƙar rigar roba tun daga mariƙi har kusa da baki, don wutar ta fita ta baki kawai. A jikin ƙugiyar, kimanin yatsa huɗu daga bakinta, ya ga tsaga siririya da ba ta kai kaurin gashi ba. Sai ya lanƙwasa ta kaɗan a gaban haske kafin ta nuna.

Wanda ya taɓa riƙe wayar dutsen guga da ta ɗan ɓare ya san abin da ke faruwa. Bambancin shi ne na'urar dayatami, idan an sa ta a yanayin tsayar da jini, tana aiki da dubban bolt, kuma kyamara bakin ƙarfen kawai take nunawa. Sauran tsawonsa yana kwance a kan hanji a wajen allo. Ƙaramar tsaga ta fi babba haɗari, domin wutar na taruwa ta fita ta wuri ɗaya tsukakke, zafin ya yi yawa. Wutar da ke zurarewa ta nan ita ce ta rage wa bakin ƙugiyar ƙarfi, ƙarin ƙarfin da aka riƙa yi kuma ya ƙara mata hanyar fita. Matsalar ba ta Jos kaɗai ba ce: wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya gano tsaga a kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan kaya da ake maimaita amfani da su, kuma an fi samunta a kashi ɗaya cikin uku na kusa da baki.

Sai injiniyan ya nemi izinin lalata hantsaki ɗaya da ya riga ya ƙi buɗewa. Ya sa zarton ƙarfe ya tsaga shi a tsaye. Cikin bututun, kewaye da sandar da ke motsa baki, akwai wani busasshen abu baƙi-baƙi, ya kankare shi da allura yana zuba a kan takarda. Ya kira babbar nas ya ce, “Sista, zo ki gani.” Ta ɗauki takardar ta duba, ta ce, “Injiniya, wallahi kullum da hannuna nake wanke wannan.” Gaskiya ta faɗa. Jinin da iskar ciki ke turowa cikin bututu ba buroshin da ke kai masa, gulutaraldehaid kuma yana daskarar da jini ya manne da ƙarfe. Kowane jiƙo yana ƙara masa sabon rufi.

Gwaji na farko: salatif da robar kasuwa

Wani ya kawo shawarar a naɗe tsagar da baƙin salatif na masu wayarin. Wankin farko ya ɗaga shi, gam ɗinsa ya zama matattarar datti. Ba a kai shi kusa da mara lafiya ba.

Daga nan aka sayo robar nan da masu gyaran lantarki ke zura wa waya su hura mata zafi ta matse. Tunanin ba banza ba ne, don kamfanonin gyara ma da irin wannan dabara suke sake wa kaya riga, sai dai tasu robar an yi ta ne don ta jure tururi da ƙarfin wuta. Ta kasuwa ta ƙara wa ƙugiyar kauri har ta riƙa maƙalewa a bakin bututun shiga mai milimita 5, wanda ake sakawa a huda kayan aiki su bi ta cikinsa, bayan ta shiga tukunya 'yan lokuta kuma ta tattare ta tsage a gefe.

An kuma gwada gano tsaga da mitar masu gyaran rediyo, ana tsoma ƙarfen a ruwan gishiri. Ta kama manyan tsagogi, waɗanda ido ma yake gani. Wuraren da robar ta siranta ba ta huje ba, mitar ba ta ce komai, domin batirinta 'yan bolt ne, wutar da ke tsallake irin wannan wuri kuwa dubbai ce.

Gwaji na biyu: kayan amfani sau ɗaya, damina 2023

Shawara ta biyu ita ce a koma kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Rigar robarsu sabuwa ce, babu wanki. An sayo kwali na farko, aka yi 'yan ayyuka masu sauƙi da su. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 a kasuwar hukuma, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Kuɗin kayan aiki ɗaya ya zama abin da ba za a iya ɗora wa mara lafiya ba, alhali da aljihunsa yake biya.

Abin da ya biyo baya kowa zai iya hasashensa: aka fara wanke kayan yarwa ana maimaitawa. Su kuwa roba ce mafi yawansu, ba sa shiga tukunya, ba a buɗe cikinsu, rigarsu ta fi ta dindindin siranta. Murfin bututun shiga ya fara sakin iska, ciki yana saɓewa ana tsakiyar aiki. Likitar mata ce ta fara cewa ba za ta ƙara aiki da su ba, ta kawo labarin Burazil, inda tsakanin 2004 da 2008 wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta tarin fuka ta kama ɗimbin mutanen da aka yi wa irin wannan tiyata da kayan da aka jiƙa a sinadari, hudojinsu suka ƙi warkewa wata da watanni, har hukumar lafiyar ƙasar ta hana dogaro da jiƙo kaɗai a 2009. Aka sake dakatar da aikin.

Ɗakin wanki, ƙarshen 2023

A nan ne aka bar maganar saye aka bi hanyar da ƙarfe ke bi tun daga hannun likita har ya dawo hannunsa. Injiniyan da babbar nas suka zauna a ɗakin wanki suna kallon yadda ake yi da kayan fiɗar yau da kullum.

Bilic ne ya fara fita. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 kan tsabtace kayan asibiti ya ce a daina tsoma kaya a ruwan kulorin kafin wanki: yana cin ƙarfe, jini kuma yana kashe ƙarfinsa. Wannan ya yi wa ma'aikatan nauyi ƙwarai, domin a wurinsu bokitin bilic shi ne kariyarsu daga cutar hanta da ƙanjamau. Ba a cire bokitin ba sai da aka kawo safar hannu mai kauri doguwa, da gilashin fuska, da rigar leda mai kare gaban jiki. An kuma hana barin kaya cikin kwanon ruwan gishiri na ƙarin ruwa, wanda aka saba yi a tiyata don kada jini ya bushe. Gishiri ma yana huda ƙarfe. Madadinsa, nas ɗin da ke miƙa kaya tana goge su da ƙyalle mai ruwa tun aiki bai ƙare ba, a wanke da sabulun da ke narkar da jini, ɗauraya ta ƙarshe kuma da tataccen ruwa, don na burtsatse yana barin farin tabo a mahaɗa.

Sun kuma ga inda tsagar ke samo asali. Ana zuba kaya gaba ɗaya cikin tire guda, tsinin bututun shiga yana gogar rigar ƙugiya, wani ya ɗora almakashi a kai. Wani mai walda a Dilimi ya ƙera musu tire na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai gurbi-gurbi, kowane ƙarfe da makwancinsa, aka saka guntayen tiyo mai jure zafi a gurbin don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Aikin ya yi kyau. An kai masa almakashi ya wasa, wannan bai yiwu ba: bakin lanƙwasasshe ne, da ya ci dutse sai ɓangarorin biyu suka daina haɗuwa.

Kayan da ake kwancewa, farkon 2024

Kuɗin da aka tara ya tafi ga abu uku. Na farko kayan hannu masu rabuwa gida uku: mariƙi, kube mai rigar roba, da ƙarfen ciki mai baki. Idan an kwance, buroshi yana ratsa kuben daga wannan baki zuwa wancan, a ɗaga shi a gaban fitila a leƙa. Idan riga ta tsage kube kawai ake canjawa, idan almakashi ya dakushe ƙarfen ciki kawai. Ana ƙera irinsu a Tuttlingen ta Jamus da Sialkot ta Pakistan, farashin ya sha bamban, ingancin ma haka. An karɓi samfuri kafin a biya, aka gwada almakashi a kan jiƙaƙƙiyar takarda da safar hannu ta roba, wanda ya ja bai yanka ba aka mayar. An tsaya a kan kamfani ɗaya, domin kuben wani ba ya shiga mariƙin wani.

Na biyu na'urar gwajin riga. Ƙarama ce, tana sakin bolt mai yawa da wuta kaɗan, a bi jikin kube da ita, inda ya huje ta yi ƙara. Ranar da ta iso aka bi tsofaffin kayan da ita, ta yi kuka a kan wasu da madubin ƙara girma bai nuna tsagarsu ba. An buga wa kowane kube lamba, aka buɗe rajista: lamba, rana, sakamako, sa hannu. Ana gwaji bayan kowane wanki, kafin a naɗe.

Na uku hantsakin wuta mai baki biyu, wanda wutarsa ke bi daga wannan leɓe zuwa wancan kawai, ba ta ratsa jikin mara lafiya. Da shi ake tsayar da jini a kusa da hanji. Ƙugiya ta zama ta wuraren da babu makawa, da ƙarfi kaɗan, a taka makunninta na ƙafa a saki, kuma ba a takawa sai bakinta na cikin allo yana taɓa nama. Aka kafa doka ɗaya: idan likita ya nemi ƙarin ƙarfi, nas tana da ikon cewa a tsaya a canja ƙarfe tukuna.

Tukunyar turara kaya ta zo da tata matsala. Ƙarama ce mai agogon matsi, an saba kai ta 15 a lissafa minti, a ɗauka zafi ya kai digiri 121. Takardar shaida, wadda ke sauya launi idan zafi ya kai, da aka fara sakawa cikin ƙunshi ba ta riƙa sauya launi sosai ba. Dalilin yana ƙarƙashin ƙafa: Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, ruwa na tafasa a wajen digiri 96, matsin da ke ba da 121 a Legas yana gazawa da kusan digiri biyu a nan. Injiniyan ya daidaita ta da ma'aunin zafi, aka ƙara lokaci, kuma kaya a kwance suke shiga don tururi ya ratsa kube.

An dawo da laparoskofi da ƙananan ayyuka, daga baya aka koma afendis da matsarmama. Zuwa yanzu ba a sake samun wanda ya dawo da ƙunar hanji ba. Rajistar ta nuna kubunan da na'ura ta kama aka fitar kafin su shiga jikin kowa.

Hukunci

A ganina gwaji biyun farko sun faɗi ne saboda an ɗauki ƙugiyar da ta tsage a matsayin cutar, aka yi ta neman yadda za a rufe ta ko a maye gurbinta, alhali tiren da ya tsaga ta da bokitin da ya cinye mahaɗar almakashi suna nan suna jiran sabbin kaya. Da an sayo kaya masu rabuwa tun a Maris aka zuba su a wannan tire, da su ma sun tsage, sai dai a ɗan jima. Abin da ya sa suka yi amfani shi ne sun zo bayan an gyara ɗakin wanki, kuma ƙirarsu ta dace da asibitin da zai iya sayen kube ɗaya amma ba zai iya sayen saiti ba.

Na'urar gwaji na fi ba wa muhimmanci a cikin abu ukun da aka saya, domin ita kaɗai ce ke ganin abin da ido da kyamara ba sa gani. Duk asibitin da ke taka ƙugiyar wuta a cikin ɗan Adam ba tare da ita ba yana aiki ne da sa'a, ko a Jos yake ko a Abuja. Ban kuma ga dalilin da za a tura likita kwas a bar Sista ba, ita da ƙarfen ke kwana a hannunta.

Ayyukan asibitin ba su da yawan da za a ce rashin sake samun ƙuna hujja ce kammalalliya, kuma gyaran bai ƙare ba. Sandar kyamarar tsohuwar ƙira ce da ba ta jure tururi, har yanzu a gulutaraldehaid ake jiƙa ta, a ɗauraye da ruwan da aka kashe ƙwayoyinsa. Tukunyar kuma ba mai zuƙe iska ba ce, irin wadda kaya masu rami suke buƙata. Sandar da ke shiga tukunya da tukunya mai zuƙe iska duk suna cikin kasafin asibitin, an rubuta farashinsu da dala, ana tara kuɗin da naira.